Baƙin allo da ɗan layi mai ƙiftawa, a taimaka kafin a yi mata fomat

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin kwamfuta a taimaka min, yau tun safe ko sisi ban yi ciniki ba. Kwamfutar da nake buga wa mutane takardu da ita a shagona nan Birnin Kebbi ce ta ƙi tashi. HP ce ta tebur, irin ta ofis ɗin nan, ta hannu na saya shekara 3 ke nan. In an kunna fanka na juyawa, tambarin HP ya fito kamar kullum, daga nan allo ya yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan farin layi can sama ta hagu yana ta ƙiftawa. Na bar ta a haka ya fi minti 40, ko gezau. Jiya bayan magariba an ɗauke wuta tana kunne, muka rufe shago muka tafi. Abin da ya hana ni sukuni furojek ɗin ɗalibai 7 ne a ciki, 2 daga ciki ranar Litinin za su miƙa.

Autan Yawuri: Wa alaikumus salam Anti. RAM ne, wato memorin aikin kwamfuta. Ki buɗe murfin gefe ki zaro shi, ki goge haƙoransa masu ruwan zinari da kilina irin ta 'yan makaranta, ki mayar. Ƙurar hunturun bana ba ta ƙyale kowa ba.

Ɗan Jega: Wane RAM kuma? Windows ɗin ta hwashe tunda anka ɗauke wuta tana bisa aiki. Hajiya ki kai a yi mata fomat a zuba sabuwa, awa guda an ƙare. Satin da ya wuce guda 3 munka yi ma haka.

Maman Hanif: Fomat ɗin ba zai tafi da aikin mutane ba?

Ɗan Jega: Abin da ke cikin C kam, wato ɓangaren disk da Windows take, sai haƙuri.

Maman Hanif: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baban Sadiq Gusau: Hajiya kwantar da hankalinki, kuma don girman Allah kada ki bari kowa ya zuba mata komai tukuna. Ga dukkan alamu takardunki suna nan inda kika bar su.

Auta, ba RAM ba ne. Irin waɗannan HP ɗin in RAM ya samu matsala ba sa kaiwa ga nuna tambari. Allo ba ya kawo komai, sai ta yi ƙara sau 5 fitilar makunni tana ƙifta ja. Tata kuwa ta nuna tambari, ta wuce. Ma'ana ta duba RAM, ta duba furosesa, ta duba hoto, duk ta same su daidai.

Bari in kwatanta miki Hajiya. A jikin bod, wato babban farantin cikin kwamfuta da komai ke jone da shi, akwai wani ɗan shiri da ake kira BIOS, shi ne ke fara farkawa kafin Windows. Aikinsa kamar na ɗan kamasho ne a tasha. Yana da jerin motocin da ke kan layi, ta farko a layi ita zai loda wa fasinja, ya juya ya yi tafiyarsa. Ko tana da mai ko ba ta da shi, ko ma direba na ciki, ba ruwansa. Wannan ɗan layin da kike gani yana ƙiftawa, an loda ki ne a motar da ba ta tashi. Abin da za mu nemo shi ne wace mota ce aka saka ki. Ko dai ba taki ba ce sam, ko kuma taki ce ta lalace.

Fara da mai sauƙi. Kashe ta, ki zare duk abin da ke jone a ramukan USB, gaba da baya, ki bar kibod kawai. Ki buɗe wurin faifan CD ki tabbatar babu komai ciki. Sai ki kunna.

Maman Hanif: To Injiniya, na gode. Bari in duba.

Maman Hanif: Ikon Allah. Akwai wani filash a baya da ban san da shi ba, na wani ɗalibi ne ya manta tun jiya. Na cire shi, na cire firinta biyu, na cire modem. Na kunna. Har yanzu layin nan ne.

Ɗan Jega: Ai na hwaɗa.

Malam Na-Aliero: Ɗan Jega yi haƙuri mana, gwaji ɗaya aka yi. Kuma gwajin ba na banza ba ne, don filash da aka manta a baya shi ya fi yawan jawo wannan matsala a shagunan buga takardu. Ba filash kaɗai ba. Firintar da ke da ramin saka memori, kwamfuta tana ganin ta kamar ma'ajiya ce. Modem da yawa ma in ka jona su suna fitowa kamar faifan CD, don a ciki suke ɗauke da manhajarsu. Duk waɗannan BIOS na iya tsayawa a kansu.

Hajiya ina da tambaya. A 'yan kwanakin nan, kafin yau, ba ta taɓa nuna wani rubutu da safe ba kafin ta shiga Windows? Ko agogonta ya riƙa yin kuskure?

Maman Hanif: Ba ni nake kunna ta ba Malam, ɗan yayata ne ke buɗe shago. Bari ya dawo daga sallah.

Ɗan Ƙaura: Salam. Ku yi haƙuri in shigo, ni ma irin wannan ce ke damuna kwana 4 ke nan. Tawa Dell ce, Windows 10. Tana cikin sabunta kanta man janareta ya ƙare. Yanzu sai ɗan layin nan.

Admin: Ɗan Ƙaura marhabin. Masu amsawa a riƙa ambaton sunan wanda ake yi wa magana don kada a rikita Hajiya.

Maman Hanif: Ya dawo, kuma na ji abin da ya ɓata min rai. Wai kusan wata guda ke nan kullum da safe sai ta kawo wani rubutu mai lamba 163, shi kuma sai ya danna F1 ta wuce, bai ga abin faɗa ba. Yau kuma layi biyu ya gani, akwai 162 a sama, ya danna F1 kamar kullum sai ta faɗa cikin duhun nan. Batun agogo kuwa gaskiya ne, ko makon jiya sai da shafin duba sakamakon jarrabawa ya ƙi buɗewa, wani ya ce mu gyara kwanan wata. Ashe ta koma wata shekara can baya.

Baban Sadiq Gusau: Alhamdulillahi, ga bakin zaren. Kada ki yi wa yaron faɗa da yawa, manya ma haka suke yi, F1 ɗin nan an mai da shi kamar gaisuwar safe.

163 a HP na nufin lokaci da kwanan wata sun ɓace. 162 na nufin saitin BIOS ya ɓace. Abin da ke riƙe su in babu wuta wani ɗan batir ne a kan bod, faffaɗa kamar kwabo, sunansa CR2032, bolt 3 ne. Muddin kwamfuta na jone da wuta, ko a kashe take, ba ta cika cin batir ɗin ba. Mu kuwa nan da wuta ke kwana ba ta zo ba, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga shi kuma ta hannu ce wadda ba mu san shekarun da ta yi kafin ta zo gare ki ba, dole ya gaji. Kuma ba rana ɗaya yake mutuwa ba. Ya fara da zubar da agogo, jiya ya saki sauran.

Da saiti ya ɓace, BIOS ya koma yadda ya fito daga kamfani, har da jerin layin nan da na faɗa miki. Yanzu tambaya ɗaya: had-disk nawa ne a cikinta?

Maman Hanif: Wallahi ban sani ba. Amma bara da ta riƙa nauyi na kai ta gyara, mai gyaran ya saka wani ɗan ƙaramin abu ya ce mai sauri ne. Ya ce tsohon ya bar min shi in riƙa ajiya. Shi ne D.

Baban Sadiq Gusau: Shi ke nan. Biyu ne. Windows na kan SSD, wato ƙaramin mai saurin nan, tsohon kuma ma'ajiya. Kunna ta, da tambarin HP ya fito ki yi ta danna F9 ba ƙaƙƙautawa. Za ta kawo jerin abubuwan da za ta iya tashi daga kansu. Ki faɗa mana abin da kika gani, kada ki zaɓi komai tukuna.

Malam Na-Aliero: Kafin Hajiya ta dawo, Ɗan Ƙaura bari mu duba taka, don da alama ba ciwo ɗaya ba ne ko da yake alamar ɗaya ce. Disk nawa ne, kuma kwanan wata daidai yake a BIOS? A Dell F2 ne ke shiga saiti, F12 ke kawo jerin tashi.

Ɗan Ƙaura: Disk ɗaya ne Malam. Kwanan wata daidai, batir ɗin ma ban daɗe da canza shi ba. Kuma sunan disk ɗin yana fitowa a BIOS.

Malam Na-Aliero: To taka motar taka ce, ita ce ta ƙi tashi. Ka samu filash mai giga 8 ko fiye, ka haɗa na saka Windows 10 a wata kwamfutar, ko da Rufus ko da manhajar Microsoft ta haɗa filash. Ka sani duk abin da ke kan filash ɗin zai goge. Ka tashi daga kansa ta F12. In shafin zaɓen harshe ya fito, kada ka danna Install. Danna Shift da F10 tare, baƙin akwatin rubuta umarni zai buɗe. Rubuta diskpart, sannan list disk. Ka duba ƙarƙashin inda aka rubuta Gpt, akwai tauraro a gaban disk ɗinka ko babu? Amsar ce za ta nuna mana maganin da ya dace.

Autan Yawuri: Malam ai ba sai an yi wannan dogon zagayen ba. bootrec /fixmbr, bootrec /fixboot, bootrec /rebuildbcd, an gama.

Malam Na-Aliero: Waɗannan ukun kowa ya haddace su kamar karatun allo, amma na tsohon tsari ne, wato disk mai MBR. In disk ɗin GPT ne, wato sabon tsari, kuma da UEFI, sabon salon BIOS, aka saka Windows, /fixmbr ba abin da zai ƙara masa, /fixboot kuma a sababbin Windows 10 sau da yawa Access is denied zai ce maka. Can bcdboot ake amfani da shi. Shi ya sa nake so a duba kafin a rubuta.

Maman Hanif: Injiniya na danna F9 har yatsana ya yi ciwo, ba ta kawo komai ba. Na gwada sau 4.

Baban Sadiq Gusau: Kibod ɗin mai waya ne ko marar waya?

Maman Hanif: Marar waya.

Baban Sadiq Gusau: Ɗan ƙaramin abin nan nasa da ake sakawa a USB yana ciki?

Maman Hanif: Kai! Yana kan tebur tare da filash ɗin ɗalibin. Na haɗa da shi na cire.

Ɗan Jega: Hajiya kin bi umarni har kin wuce.

Baban Sadiq Gusau: Laifina ne da ban tambaya ba. Mayar da shi a ramin baya. In akwai mai waya a maƙwabta ma ki aro, ya fi tabbas a wannan aikin.

Ɗan Jega: Oga Baban Sadiq, da girmamawa, amma bari in hwaɗi gaskiyata. Ku kuna da lokacin wanga bincike. Ni a shago mutum 6 na tsaye kaina, kowa shina son tashi yau. In na tsaya bin F9 da F10 da diskpart bisa kowace kwamfuta, mi za ni kai gida? Kuma ba haka kawai nike gogewa ba. Ina da filash mai Ubuntu, wani tsari irin Windows da ke iya tashi daga filash, in tashi da shi, in kwashe Desktop da Documents, sannan in zuba sabuwa. Mai kaya ya tahi da kwamfuta mai sauri, ba bairos ba komi.

Baban Sadiq Gusau: In kana kwashewa kafin ka goge, to ka fi da yawa, kuma filash ɗin Ubuntu ɗin nan kowane mai gyara ya kamata ya mallaka. Amma ɗazu ba haka ka ce wa Hajiya ba, cewa ka yi sai haƙuri.

Kuma duba wannan tata. Da an bi taka, filash ɗinka zai nuna disk biyu. Yaron da ka bar wa aikin ya zaɓi babban, don shi ya fi kama da na gaske, ya goge D, furojek 7 sun tafi. In ma Allah ya sa ya zaɓi daidai, an goge Windows mai lafiya, an sake saka Office da direbobin firinta biyu, ta biya kuɗi, gobe a ɗauke wuta batir ya sake zubar da saiti, ɗan layin ya dawo. Sai ta ce ba ka iya aiki ba.

Na taɓa karɓar ta wata makarantar Islamiyya da aka yi wa haka a wani shago. Sakamakon ɗalibai na shekara 5 ne a ciki. Malamin ya zo da ita a kan babur ya rungume ta kamar marar lafiya. Kwana 2 na yi ina tono da manhajar dawo da fayil, abin da na samu bai kai rabi ba, sunayen fayilolin ma duk sun zama lambobi. Da na buɗe murfi, kebul ɗin SATA, mai haɗa disk da bod, shi ne ya saki tun farko. Turawa kawai yake so. F9 kuwa daƙiƙa 10 ne, bai kai lokacin da za ka ɗauka kana neman filash ɗinka a aljihu ba.

Ɗan Jega: To na ji. Amma ba dukansu ba ne batir.

Baban Sadiq Gusau: Ko kusa. Wasu sai fomat ɗin, wasu ma disk ne ya mutu. A ƙarshe dai ake zuwa can.

Maman Hanif: Ta kawo! Na aro kibod mai waya wurin mai POS. Akwai wurin CD, sai sunaye biyu dogaye masu haruffa da lambobi. Na sama yana da 500 a cikin sunansa, na ƙasa yana da 128 da SSD. Sai wani abu na network a ƙarshe.

Baban Sadiq Gusau: Sauko da kibiya kan mai 128, ki danna Enter.

Maman Hanif: Allahu akbar! Ga ɗigon nan suna zagayawa. Ta shiga! Komai na nan, D ma na nan, na buɗe foldar ɗalibai na gani da idona. Injiniya Allah ya saka da alheri, Allah ya jiƙan mahaifa, ya raya su Sadiq.

Baban Sadiq Gusau: Amin Hajiya, amma ba a gama ba. F9 na sau ɗaya ne, in kika kashe za ta koma gidan jiya. Abu biyu suka rage.

Na farko batir. Ki aika kasuwa wurin masu gyaran agogo ko masu sayar da batirin rimot ɗin mota, a ce CR2032. A duba lambar da kyau, don akwai 2025 da 2016, faɗinsu ɗaya amma sun fi siriri, sai su riƙa rawa a mazauninsu. Lambar ma girman take faɗa, faɗi milimita 20, kauri 3.2. Wajen sakawa a zare wayar wuta daga bango, a danne makunni na ɗan lokaci, mai sakawa ya taɓa ƙarfen akwatin kafin ya kai hannu kan bod. Akwai ɗan ƙarfe a gefen batir ɗin, in an tura shi zai ɗago da kansa, ba a ɓamɓara da sukundireba. Gefen da ke da alamar + shi ke kallon sama.

Na biyu, bayan an saka, a kunna a danna F10. Ƙarƙashin File a gyara lokaci da kwanan wata. Ƙarƙashin Storage a shiga Boot Order a ɗaga SSD sama da tsohon. Sannan File, Save Changes and Exit. Kada yaron ya taɓa SATA Emulation, yadda ta tashi da shi yanzu a bar shi haka. In aka juya shi wata matsalar za ki gani, shuɗin allo.

Autan Yawuri: Ni abin da ban gane ba, in tsohon disk ɗin babu Windows, me ya sa ba ta rubuta cewa babu ba? Na saba ganin BOOTMGR is missing ko No boot device.

Malam Na-Aliero: Tambaya mai kyau Auta. A tsohon tsari BIOS ba ya karanta disk duka. Gidan farko kawai yake ɗauka, bayit 512. A ciki 446 na ɗan shirin tayarwa ne, 64 na teburin rabe-raben disk mai gurbi 4, biyun ƙarshe kuma hatimi ne, 55 da AA. In ya ga hatimin nan, ya yarda disk ɗin mai tashi ne, ya miƙa masa ragama ya janye hannu. Daga nan duk abin da ya fito a allo ba BIOS ne ya rubuta ba. In babu hatimi ko babu disk, BIOS da kansa zai ce bai samu komai ba. In shirin farko ya yi aiki ya miƙa wa na biyu, na biyun ya nemi fayil ɗin Windows ya rasa, shi ne mai cewa BOOTMGR is missing. In kuwa hatimi na nan amma abin da ke gabansa ragowar tsohon shiri ne da aka goge rabinsa, ko ya lalace, to babu mai magana. BIOS ya tafi, wanda aka bar wa aiki kuma bai san inda ya dosa ba. Sai ɗan layin.

Tsohon disk ɗin Hajiya a da shi ke ɗauke da Windows. Da alama an share ɗakunan an bar ƙofar.

Baban Sadiq Gusau: Ƙari a kan na Malam. Akwai dabarar da nake yi wa duk wanda na saka wa SSD. A bod ɗin waɗannan HP ramukan SATA suna da launi, mai shuɗi mai duhu shi ne SATA0, shi ne na farko. Nan nake jona SSD, tsohon in mai da shi na gaba. Ko batir ya sake mutuwa saiti ya koma na kamfani, a kan SSD zai faɗa. Tata na tabbata tsohon ne ke zaune a SATA0. Hajiya in an buɗe don batir, a musanya kebul ɗin biyu a kan bod, aikin minti ɗaya ne.

Ɗan Ƙaura: Malam na yi. Akwai tauraro a ƙarƙashin Gpt. Kuma bari in faɗi gaskiya, ranar da abin ya faru ba ɗan layi ta fara nunawa ba. Shuɗin shafi ta riƙa kawowa tana cewa tana gyara kanta, ta sake tashi, ta sake kawowa. Ƙanena ya kalli wani bidiyo ya shiga BIOS ya mai da ita Legacy, wato tsohon tsarin tashi. Daga nan ne layin ya fara.

Malam Na-Aliero: Ka ga amfanin faɗin gaskiya wa likita. Disk ɗinka GPT ne, Windows ɗinka ta UEFI ce, an tilasta wa kwamfutar ta neme ta ta tsohuwar ƙofa. Koma F2 ka mayar da ita UEFI, ka tabbatar Windows Boot Manager ne a sama. Layin zai tafi, shuɗin shafin zai dawo, shi ne ainihin ciwon da yankewar wuta ta jawo. Daga can za mu gwada cire sabuntawar da ta tsaya a rabi. Amma ka fara kwashe kayanka da dabarar Ɗan Jega.

Admin: Ɗan Ƙaura in ka kai nan ka buɗe sabon zare, wannan ya yi tsawo.

Malam Na-Aliero: Hajiya ke ma tunda wuta ta yanke tana aiki, ba laifi a yi chkdsk, umarnin duba lafiyar disk, a kan C da D a ga ko wani abu ya taɓu.

Maman Hanif: To Malam. Af, na manta ban faɗa ba, ko yana da alaƙa. In na buɗe D wani lokacin takan ɗan tsaya, sai in ji wani ƙas, ƙas, ƙas daga ciki kamar agogon bango, sannan ta buɗe. Ya kai wata 2.

Baban Sadiq Gusau: Hajiya! Wannan ai ya fi duk abin da muka wuni muna yi muhimmanci. Malam a yi min afuwa, kada a yi chkdsk a kan D. Disk ɗin da ke wannan ƙarar allurarsa ce ke kasa karatu tana komawa baya tana sake gwadawa. Chkdsk zai sa shi aikin awanni yana bin ko'ina, mai yiwuwa a nan zai cika. Kada ki kashe kwamfutar ma yanzu, batir ya jira. In wuta ba tabbas a tayar da inji. Ki kwashe furojek biyun na Litinin zuwa filash, sannan sauran 5, sannan duk abin da kika san in ya ɓata za a yi rigima. Folda ɗaya-ɗaya, kada ki ɗauki D gaba ɗaya ki jefa. In wani fayil ya tsaya, ki tsallake shi ki ci gaba.

Malam Na-Aliero: Na janye, gaskiyar Injiniya ce, ban san da ƙarar ba. Bayan an kwashe, a cikin F10 ƙarƙashin Storage akwai DPS Self-test, a gwada shi a kan tsohon. In kuma wata safiya yaron ya ga lamba 1720, wannan disk ne da kansa ke cewa ya kusa, kada ya danna F1 ya yi shiru.

Autan Yawuri: Anti tunda an zo nan ki saka Windows 11 kawai, ai Microsoft ta daina kula da 10 tun 14 ga Oktoba 2025.

Baban Sadiq Gusau: Auta bar ta ta kwashe kayanta tukuna. Kuma 11 na neman TPM 2.0, wani ɗan sashen tsaro, da furosesa, in ta Intel ce, daga zubi na 8 zuwa sama, irin tata ba ta kai ba sai da dabara. Maganar wata rana ce.

Maman Hanif: Salam, barkanmu da safiya. Jiya sai ƙarfe 10 na dare muka bar shago. Duk sun kwafu, sai babi na 4 na wata yarinya 'yar Kalgo da ya tsaya a rabi har sau 3. Na kira ta, ta ce ta taɓa tura wa malaminta ta WhatsApp, yana wayarta, gyaran shafi 2 ne kawai za mu sake. Batir kuma da farko 2025 aka ba yaron, na mai da shi ya canzo. Mun saka, mun musanya kebul, mun gyara kwanan wata. Na zare ta daga bango na minti 15 na mayar don in gani, ta tashi kai tsaye ba F1 ba komai. Gwajin DPS ɗin kuma bai ƙarasa ba, ya kawo wani rubutu da lamba.

Baban Sadiq Gusau: Madalla. Gwajin da bai ƙarasa ba ga kuma ƙara, kada ki sake ajiye komai a kansa. Zare masa kebul biyun duka, na wuta da na SATA, don disk mai ciwo yana iya riƙe kwamfuta wajen tashi ko da ba daga kansa take tashi ba. Ki ajiye shi a durowa wata guda ko za a tuna da wani abu. 128 zai yi miki kaɗan, in kin samu hali ki ƙara wani.

Ɗan Jega: Hajiya in watan ya cika kada ki yar. Akwai maganaɗisu mai ƙarhi ciki, da shi nike riƙe ƙananan sukurori bisa tebur. Ki ba direban Jega, ni biya kuɗin mota.

Maman Hanif: Sai dai ka zo da kanka Ɗan Jega, akwai sunayen mutane da lambobinsu a ciki. A gabana za ka kwance shi.